Wane keken dutse mai shok gaba da baya ya dace da mai bin hanyoyi iri-iri?

Mai_Hawan_Tudu:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara huɗu ke nan ina hawan keken dutse mai shok a gaba kaɗai, kuma ya yi mini hidimar da ba zan raina ba, sai dai hanyoyin da nake bi yanzu sun fara fin ƙarfinsa. A fita guda nakan yi hawa mai tsawo wanda ke cin kusan awa ɗaya, daga nan in faɗa gangara mai duwatsu da saiwoyin itatuwa, sannan in ƙare da shimfiɗaɗɗiyar turba mai yawan kwana. Duk dukan da ƙafar baya ta sha a gangaren, gwiwoyina da ƙuguna ne ke karɓarsa, har washegari ina jinsa a jikina. Na daɗe ina tara kuɗi, kuma na ƙudura cewa keke ɗaya zan saya, mai kyau na gaske, wanda zai yi mini shekaru. Waɗanda na fi sa wa ido su ne Specialized Stumpjumper, Trek Fuel EX, Santa Cruz Hightower da Ibis Ripmo, amma wani abokin hawana ya dage cewa in sayi na enduro, wato keken da aka ƙera domin gangara mai tsanani amma ana iya hawa tudu da shi, mai zurfin shok (iyakar nisan da shok ke iya nutsewa) milimita 170, in huta gaba ɗaya. Tsawona santimita 178, nauyina kilo 82. Ina neman shawararku a kan abu biyu: zurfin shok nawa ne zai ishe ni, kuma ina ya fi kamata kuɗin ya tafi, firam na kabon ko kayan da ke jikin keken?

Tsohon_Mahayi:
Wa alaikumus salam. Malam Mai_Hawan_Tudu, kafin a shiga sunayen kamfanoni, ka tuna fitarka goma ta baya-bayan nan, ka lissafa lokacin da ka ɓata a hawa da wanda ka ɓata a gangara mai tsanani. Masu ƙera waɗannan kekuna sun kasa su ne bisa zurfin shok na baya. Daga milimita 100 zuwa 120 na tseren nesa ne, daga kimanin 130 zuwa 150 na bin hanya iri-iri, daga 160 zuwa 180 na enduro, masu 200 kuwa na gangara ne zalla, waɗanda galibi ake kai su saman dutse da mota. Abin da ka bayyana ya faɗa a rukuni na biyu sak, kuma kekuna huɗun da ka ambata duk a nan suke, da 140 zuwa 150 a baya da 150 zuwa 160 a gaba. Abokinka yana ba ka shawara ne da hanyar da shi yake bi a ransa, kuma wanda ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa.

Sarkin_Gangara:
Da girmamawa ga Tsohon_Mahayi, ban yarda da wannan rabon kamar yadda ya tsara shi ba, domin ya fi dacewa da kekunan shekarun baya. Keken enduro na yanzu yana da sandar sirdi a miƙe, kusurwarta digiri 77 ko 78, saboda haka idan kana hawa nauyinka yana zaune ne a kan feda, ƙafar gaba ba ta ɗagawa. Nawa yana da 170 gaba da baya, kuma babu tudun da abokaina suka hau na kasa hawa, illa dai nakan iso bayansu da 'yan mintuna. A gangara kuwa, ranar da ka kuskure layi ka afka wa dutsen da ba ka gani ba, wannan ƙarin milimita 20 shi ne zai raba ka da faɗuwa. Wanda ya fito daga keke mai shok a gaba kaɗai zai ga gudunsa ya ƙaru cikin 'yan watanni, sai ya fara neman hanyoyin da suka fi na da tsanani. Gara ya sayi abin da zai ishe shi gobe.

Kurciya:
Ni na bi irin shawarar Sarkin_Gangara shekara biyu da suka wuce, kuma na sayar da keken kafin ya cika shekara a hannuna. Gaskiya ne yana hawa, ban musa ba. Matsalar ta bayyana ne a irin turbar da mai tambaya ya ambata a ƙarshe, wato shimfiɗaɗɗiya mai kwana-kwana. A can sai in ji kamar shok ɗin yana shanye duk ƙarfin da na zuba, in danna keken a ƙaramin tudu don ya tura ni gaba, shi kuwa ya nutse ya yi shiru. Nauyinsa ya haura kilo 16, tayoyinsa masu kauri ne masu manne wa ƙasa, kuma bayan awa uku nakan gaji fiye da yadda nake gajiya a tsohon kekena. Na koma mai 130 a baya da 140 a gaba, kuma tun daga lokacin na fi yawan fita. A gangara mai tsanani dole in rage gudu in zaɓi inda zan bi, na kuwa amince da hakan, tun da irin wannan gangaren ba ya wuce minti goma a fitar awa uku.

Sarkin_Gangara:
Malama Kurciya, kusan rabin abin da kika ji daga tayoyin ne. Da kin sa masu sauƙi, da kin ga bambanci.

Kurciya:
Na gwada hakan, Malam, kuma ya rage matsalar, amma sai na tambayi kaina amfanin keke mai 170 da aka sa wa tayar da ba za ta jure gudun da aka ƙera shi dominsa ba.

Injiniyan_Feda:
Ina ganin an tsaya a kan zurfin shok an bar abin da ya fi shi tasiri, wato girman firam da yadda aka tsara kusurwoyinsa. Mai tsawon santimita 178 yana faɗawa ne tsakanin matsakaici da babba a wurin yawancin kamfanoni, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure mai tsada. Ka duba lambar da ke nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar feda da wuyan keke, wadda ita ce ke gaya maka yadda za ka miƙe idan ka tashi tsaye a kan feda. A matsakaici takan kasance wajen milimita 450 zuwa 460, a babba kuwa wajen 475 zuwa 485. Gajeren ya fi saurin juyawa a kwana da sauƙin ɗaga ƙafar gaba, dogon ya fi natsuwa idan gudu ya yi yawa, amma yana bukatar ka riƙa kai nauyinka gaba da gangan, in ba haka ba ƙafar gaba ta zame maka a kwana. Kada ka dogara da harafin da aka rubuta a jikin firam, domin babban wani kamfani shi ne matsakaicin wani, har ma Specialized ta bar haruffan ta koma lambobi irin S3 da S4.

Sai kusurwar wuyan keke. Ga hanya iri-iri, tsakanin digiri 64 da 65.5 shi ne inda yawancin kekunan yanzu suke. Idan lambar ta ragu, ƙafar gaba tana ƙara yin nisa a gabanka, ka samu kwanciyar hankali a gangara mai tsayi, amma keken ya yi nauyin kai a kwana mai matsi da kuma hawa a hankali. Da yawa daga cikin kekunan da ka ambata suna da wani ɗan ƙarfe a mahaɗar shok wanda ake juyawa don a sauya wannan kusurwa da kimanin rabin digiri, wasu kuma suna karɓar kofin wuya, wato mazaunin boris ɗin wuyan keke, da ke sauya ta da digiri guda. Wannan yana ba ka damar gyara keken ya dace da hanyarka bayan ka saya, amma girman firam ba ya gyaruwa.

Ɗan_Gargada:
Injiniya, tun da ka shigo, ka warware mini wani abu. Kowane kamfani yana yabon tsarin shok ɗinsa na baya, wannan ya ce VPP, wancan ya ce DW-link, wani ya ce Horst. Shin akwai bambancin da mahayi zai ji a jikinsa, ko talla ce kawai?

Injiniyan_Feda:
Akwai bambanci, amma bai kai yadda tallar ke nunawa ba. Matsalar da kowane tsari ke ƙoƙarin magancewa guda ce: idan ka taka feda, jan sarƙa da motsin jikinka suna sa shok ɗin baya ya riƙa lilo, idan ka ja birki kuma yana iya sandarewa a daidai lokacin da kake bukatarsa. VPP, wanda Santa Cruz ke amfani da shi, da DW-link na Dave Weagle, wanda ke kan Ibis da Pivot, duk suna haɗa bayan firam da gabansa ta gajerun hannuwa biyu, kuma an san su da tsayawa da ƙarfi idan ana tuƙa feda. Tsarin Horst, wanda Specialized ke kira FSR, yana da mahaɗa a gaban gindin ƙafar baya, kuma an san shi da barin shok ya ci gaba da aiki ko ana birki. Trek kuwa ta ɗora mahaɗarta a kan gindin ƙafar baya daidai, tana kiran tsarin ABP. Sai dai inda aka ajiye kowace mahaɗa da yadda aka saita shok ɗin sun fi sunan tsarin muhimmanci, har za ka iya hawa kekuna biyu masu tsarin Horst ka ji kamar ba su haɗa komai ba.

Tsohon_Mahayi:
Ƙarin bayani kaɗan a kan maganar Injiniya: sunan ya samo asali ne daga Horst Leitner, wanda ya ƙirƙiro tsarin, kuma tun da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare kamfanoni da yawa suka rungume shi, ciki har da Transition. Saboda haka ba na Specialized ba ne kaɗai a yau.

Makanike_77:
Ni abin da ke zuwa teburina nake gani, saboda haka zan amsa tambaya ta biyu da kowa ya tsallake. Idan kuɗin bai kai ga firam na kabon tare da kaya masu kyau ba, ka ɗauki na alminiyam mai shok da birki na gaske. Bambancin nauyin firam biyun yakan tsaya tsakanin rabin kilo da kilo ɗaya, abin da mai kilo 82 ba zai ji sosai ba, amma bambancin shok mai arha da mai kyau za ka ji shi a tafin hannunka tun gangaren farko. Ga nauyinka da hanyarka, shok irin Fox 36 ko RockShox Lyrik ya dace a gaba. Lambar da ke jikin na Fox kaurin sandunansa ce a milimita, 34 ya fi sauƙi amma yana ɗan lanƙwasa a duwatsu, 38 da takwaransa Zeb na RockShox kuwa an yi su ne domin enduro. Birki ya zama mai fistin huɗu, da faifai na milimita 200 ko 203 a gaba da 180 a baya.

Sannan ka sani cewa keke mai shok biyu yana cin hidima fiye da wanda ka saba da shi. RockShox ta ce a buɗe ƙasan shok ɗin gaba a sauya mai duk bayan awa 50 na hawa, a yi babban gyara a awa 200, Fox kuma ta ce awa 125 ko sau ɗaya a shekara. Ga boris ɗin mahaɗun firam, waɗanda kan kai takwas ko fiye, kuma ruwa da ƙura suna cinye su. Makon jiya aka kawo mini wani keke mai tsada wanda bai shekara biyu ba. Da na cire shok ɗin baya na ɗaga ƙafar da hannu, sai na ji tana tafiya tana tsayawa kamar an zuba yashi a ciki, da na fito da boris ɗin kuwa, biyu sun yi tsatsa har ba sa juyawa. Mai shi yana ta ƙorafin cewa shok ɗin ya lalace, alhali shok ɗin lafiyarsa ƙalau. Kafin ka biya, ka tambayi ko ana samun boris ɗin cikin sauƙi, ka karanta sharuɗɗan garanti, ka kuma guji keken da aka bi da wayoyin birki da giya ta cikin boris ɗin wuya, domin sauya boris ɗaya zai sa a kwance birki gaba ɗaya.

Baƙon_Dawa:
Ina goyon bayan Makanike a kan birki da hidima, amma ina da ja a kan kabon. Ba nauyi kaɗai ake saya ba. Wanda ya ce keke ɗaya zai riƙe shekaru, firam shi ne abin da zai zauna da shi, sauran kayan duk za su ƙare a sauya su ɗaya bayan ɗaya. Kuma firam na kabon da ya tsage akwai masu gyara shi, na alminiyam kuwa idan ya tsage a wurin walda galibi ya gama aiki.

Makanike_77:
Haka ne, ɗan'uwa, sai dai alminiyam idan ya daki dutse yakan lotsa ka gani da idonka, kabon kuwa yana iya samun rauni a ciki fentinsa na nan lafiya. Kowanne da irin nasa haɗarin.

Dogo_29:
Ba a taɓo girman ƙafa ba. Ni ina ganin inci 29 gaba da baya ya fi dacewa da hanya iri-iri, saboda babbar ƙafa tana haye duwatsu da saiwoyi ba tare da ta maƙale ba, kuma tana riƙe gudu a shimfiɗaɗɗiyar turba. Masu haɗa 29 a gaba da 27.5 a baya, waɗanda wasu kamfanoni ke rubuta wa MX, sun fi daɗin juyawa a kwana mai matsi, kuma tayar baya ba ta taɓa mahayi idan ya ja jikinsa baya a gangara mai tsayi, abin da ya fi damun marasa tsawo. A santimita 178 kana iya hawa kowanne. Idan ka samu firam da ke karɓar duka biyun, ka fara da 29.

Ɗan_Gargada:
Tun da an zo kan ƙafa, ku bar ni in faɗi abin da ya same ni, ko wani zai amfana. Sabon kekena ya zo da taya mai siririn gefe, irin wadda ake sawa don keken ya yi sauƙi a ma'auni. A fita ta uku, ina tsakiyar gangara, sai na ji ƙara a baya, na tsaya na tarar da wani dutse mai kaifi ya yanka gefen tayar kusan tsawon ɗan yatsa, farin ruwan like faci da ake zubawa a tayar da ba ta da tif yana fesowa a kan firam da ƙafata har iskar ta ƙare. Yankan ya fi ƙarfin ruwan, dole na sa tif na tura takardar da ke aljihuna a ciki don kada tif ɗin ya leƙo, na lallaɓa na koma gida. Tun daga ranar nake sa mai kaurin gefe a baya. A tayoyin Maxxis, EXO shi ne mai sauƙi, EXO+ ya ɗara shi, DoubleDown ya fi su kauri. Mai kilo 82 da ke bin duwatsu kada ya sa ƙasa da EXO+ a baya, kuma ya ware kuɗin taya tun ranar sayen keken.

Zakaran_Dutse:
Ni tambayata a kan giya ce. Shin wanda zai sayi keke mai tsada a yau bai kamata ya ɗauki giya mai batir ba? SRAM ta fito da Transmission a 2023, wadda ake ɗaure ta kai tsaye a firam, kuma tana sauya giya ko kana taka feda da ƙarfi a tsakiyar hawa.

Kurciya:
Tana da kyau, na hau keken da ke da ita, amma ba ita ce za ta sauya yadda keke ke bin hanya ba. Shimano XT ko SLX mai waya tana da giya 12 daga haƙori 10 zuwa 51, ta SRAM daga 10 zuwa 52, saboda haka wajen sauƙin hawa kusan ɗaya suke. Abin da zan duba shi ne firam ɗin ya kasance mai maƙalin giya na UDH, wato maƙalin bai-ɗaya da SRAM ta fito da shi, domin shi ne ke ba da damar sa Transmission daga baya, kuma idan ya karye ana samunsa cikin sauƙi. Kuɗin da ya rage a sa shi a sirdi mai sauka da tashi, mafi tsawon da firam zai iya ɗauka, milimita 170 ko fiye ga mai tsawonsa.

Mai_Hawan_Tudu:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Na samu damar gwada kekuna biyu a hanyar da na saba bi, ɗaya mai 140 a baya a girman babba, ɗaya mai 150 a matsakaici. Na farkon ya ba ni mamaki a hawa, domin ƙafar baya tana manne da ƙasa a wuraren da tsohon kekena ke zamewa, amma a kwana sai na ji kamar ina nesa da ƙafar gaba. Na biyun ya fi shiga jikina, sai dai ya yi laushi da yawa, har fedata ta daki dutse sau biyu a hawa. Yanzu na rasa ko girman ne ya sa na fi son na biyun, ko kuma zurfin shok ɗinsa ne ya jawo dukan fedar.

Makanike_77:
Kafin ka yanke wa na biyun hukunci, shin an saita maka iskar shok ɗin daidai da nauyinka? Akwai zoben roba a sandar shok ɗin baya. Ka sa duk kayan da kake hawa da su, ka hau keken a hankali wani ya riƙe maka, ka tura zoben ya taɓa jikin shok, sannan ka sauka ba tare da ka girgiza shi ba ka auna inda zoben ya tsaya. Abin da ake nema a baya shi ne kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon tafiyar sandar, wato idan tafiyarta milimita 55 ce, zoben ya matsa kimanin 14 zuwa 16 da rabi. A gaba kashi 15 zuwa 20 ya isa. Idan wanda ya hau kafin kai bai kai nauyinka ba, to keken ya zauna ƙasa fiye da kima, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa feda ta daki dutse.

Injiniyan_Feda:
Ƙari a kan haka, ka duba ko ɗan ƙarfen da na ambata yana a matsayin ƙasa, domin yana sauke tsakiyar feda da 'yan milimitoci. Hannun feda ma yana da tasiri, mutane da yawa sun bar mai tsawon milimita 175 sun koma 170 ko 165 saboda wannan dalili. Gwajin da ka yi ya sauya abu biyu a lokaci guda, girma da zurfi, shi ya sa bai ba ka amsa ba. Ka nemi mai 140 ɗin a matsakaici ka sake bin hanyar.

Sarkin_Gangara:
Ni dai na lura cewa wanda ya fi shiga jikinka shi ne mai zurfin shok. Idan za ka sake gwaji, ka haɗa da mai 160 ko 170 ko da sau ɗaya ne, ka bi gangaren nan mai saiwoyi da shi, sannan ka yi magana.

Kurciya:
Ya gwada, babu laifi, amma ya bi hanyar gaba ɗaya da shi, har da awa ɗayan hawa da shimfiɗaɗɗiyar turbar ƙarshe, ba gangaren kaɗai ba.

Mai_Hawan_Tudu:
Ban auna zoben ba a gwajin farko, kuma wanda ya ba ni keken bai kai ni jiki ba, saboda haka maganar Makanike tana iya zama ita ce. An yi mini alkawarin mai 140 a matsakaici ranar Asabar, abokina kuma ya yarda ya ba ni nasa na enduro ranar Lahadi. Zan tafi da famfon shok da abin awo. Malam Ɗan_Gargada, iska nawa kake sa wa tayar baya a hanya mai duwatsu idan babu tif a ciki?